Kwandon Damina: Abin da Za a Fara Dafawa da Abin da Zai Iya Jira

A kasuwa uwargida ce ke zaɓar abin da za ta saya. Idan kuwa kwando ne ke zuwa daga ƙaramar gona, ko ta ɗan'uwa a ƙauye, ko ta manomin da kuka haɗa wa kuɗin taki a kan zai riƙa aiko muku da rabonku duk mako, to gona ce ke zaɓa. Abin da ya isa tsinka ranar shi za ki gani. A Amurka irin wannan yarjejeniya ta zama tsari tun tsakiyar shekarun 1980: gidaje su biya manomi kafin shuka, shi kuma ya riƙa raba musu amfani har ƙarshen kaka. Can da nan matsalar ɗaya ce. Kaya su zo da yawa a rana guda, wasu ba ki shirya musu ba, kafin mako ya zagayo rabi ya tafi bola.

A ƙasar Hausa, daga Yuli zuwa Satumba, kwandon ba zai wuce alayyahu, yakuwa, rama, lalo, zogale, tafasa, ɗanyar kuɓewa, gauta da yalo, gurji, ɗanyar masara, sai kabewa idan kaka ta matso. Tumatir kada ki sa rai da shi sosai. Amfanin noman rani ne, ruwan sama da cututtukan ganye ba sa barinsa ya yi albarka, shi ya sa yake tsada a wannan lokaci. Miyar damina ta fi dogara ga kauɗa, tattasai, kabewa da gyaɗa.

Abu biyu ne za su tsara miki girkin makon. Na farko, kayan damina cike suke da ruwa, don haka duk ma'aunin da kika saba da shi a rani sai kin rage masa ruwa. Na biyu, ba tare suke lalacewa ba. Alayyahu da lalo da masara na ranar ne, ko gobe da safe. Yakuwa, rama da zogale za su yi kwana biyu. Kuɓewa kwana uku, gauta da yalo su kai biyar ko mako, kabewar da ba a fasa ba kuwa sai ta yi watanni. A kan wannan jeri za ki ɗora tukunya, ba a kan abin da mutan gida suka yi marmari ba.

Da kwando ya iso, a juye shi nan take. Ganyen da aka tsinko da raɓa aka ɗaure tam yana ɗaukar zafi a tsakiya, idan kika sa hannu za ki ji ɗumi, kuma daga nan ruɓa ke farawa. Ki kwance kowane ɗauri, ki cire ganyen da ya yi rawaya ko ya dame, ki baza sauran a faifai a inuwa inda iska ke shiga. Kada ki wanke abin da ba yau za ki dafa ba. Kada ki ƙulle komai a leda, domin gumin da zai yi a ciki ya isa ya narkar da alayyahu a dare ɗaya. Idan akwai nunanniyar ayaba ko tumatir a kusa a raba su da ganye, iskar da suke fitarwa tana sa shi rawaya da wuri. Firji yana taimakon ganye idan an naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, amma kuɓewa da yalo ba sa son sanyi mai tsanani: a ɓangaren da ya fi sanyi kuɓewa baƙi-baƙi take yi, yalo kuma ya lotsa. Tukunyar nan ta cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami kyautar Rolex a 2000, tana aiki ne da busasshiyar iska da ke tsotse ruwan yashin. A watan Agusta iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin da za ta bayar kaɗan ne. Ki bar ta sai bazara.

Tambaya ɗaya ta wajaba ki yi wa manomin: yaushe ya yi feshi na ƙarshe? Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a tsinki amfani. Wannan ita ce ribar sanin wanda ya noma abin da kike ci, a yi amfani da ita.

Wanke ganyen damina aiki ne na kansa, saboda ruwan sama yana fantsama masa yashi har cikin lungun reshe. A wanke kafin a yanka. Ki cika babban baho da ruwa, ki zuba ganyen, ki girgiza, ki bar shi minti biyu yashi ya kwanta, sannan ki tsamo ganyen da hannu zuwa wani mazubi. Masu tsiyaye ruwan su bar ganye a baho suna mayar masa da yashinsa ne. Sau uku ya kan isa, ki duba gindin bahon na ƙarshe ki tabbatar. Ɗan gishiri a ruwan farko yana fito da tsutsa da ƙananan ƙwari. Bayan nan a tsane shi sosai a kwando, don duk ruwan da ya maƙale a jikinsa cikin miya zai ƙare.

Alayyahu minti uku zuwa biyar yake buƙata a wuta, kuma manyan ɗauri biyu idan suka yi laushi ba za su cika kwanon sha ba. Hanya mafi sauri ranar da ya zo ita ce a soya albasa ɗaya da tattasai biyu da attaruhu ɗaya a manja ludayi guda har ruwansu ya ƙone, a sa daddawa da busasshen kifi da gishiri, sannan a zuba ganyen a juya ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba. Tukunya a buɗe, wuta da ƙarfi. Idan kin ga miyar tana iyo, ɗayan biyu ne: ko ganyen bai tsane ba, ko an rufe tukunyar.

Amma inda alayyahu da yakuwa ke nuna kansu shi ne miyar taushe, kuma ita ce miyar da ke cinye kaya mafi yawa daga kwando a tukunya ɗaya. Ta mutum shida: naman rago mai ƙashi ko ƙashin saniya kilo ɗaya, kabewa rabin kilo bayan an fere, gyaɗa gwangwanin madara ɗaya, tattasai uku, attaruhu biyu ko uku, albasa biyu, tumatir huɗu ko kauɗa cikin tafin hannu da aka jiƙa a ruwan zafi aka wanke mata ƙasa, daddawa biyu, manja ludayi ɗaya, alayyahu ɗauri biyu, yakuwa rabin ɗauri, da ɗan lawashi idan akwai. A dafa naman da albasa ɗaya da citta da gishiri har ya fara laushi. A zuba kabewa manyan yanka a cikin romon, minti goma sha biyar zuwa ashirin, a tsame ta a murƙushe da bayan ludayi. A zuba jajjagen kayan miya da manja da daddawa a kan naman, su dahu har mai ya taso. Sannan gyaɗa: a daka ta ko a niƙa, a dama da ruwan ɗumi ta zama kamar kunu kafin ta shiga, in ba haka ba gudaji za ta yi. Daga nan a rage wuta, a riƙa juyawa har gindin tukunya, domin gyaɗa da kabewa dukkansu masu kamu ne, kuma ƙaurin gyaɗa ba ya gyaruwa. Gyaɗar ta sami minti goma sha biyar cif, idan ɗanya ce, kafin gafinta ya fita. A mayar da kabewa. Yakuwa ta riga alayyahu shiga da minti biyar, alayyahu da lawashi su zo ƙarshe, a sauke bayan minti huɗu.

Kafin ganye ya shiga, miyar ta yi kaurin da za ki ce ya yi yawa. Ruwan ganyen damina zai sassauta ta daidai. Wadda ta daidaita kaurin tun kafin ganye, tsinkakkiyar miya za ta kai gaban tuwon shinkafa ko waina.

Yakuwa ita ce mai ba taushe ɗanɗanonta, ita ce kuma mai ɓata ta. Ganyen da ya tsufa ya fi tsami nesa ba kusa ba, don haka ki ɗanɗana ɗanye kafin ki yanke yawan da za ki sa. Idan tsamin ya yi ƙarfi akwai hanya biyu. Ko a tafasa ta minti uku a ruwa daban a zubar da ruwan, ko a sa mata ruwan kanwa. Ta farko ta fi a ganina, don ba ta taɓa ɗanɗanon sauran miyar. Kanwa kuwa tana da ƙa'ida da ya kamata a riƙe a duk girkin ganye: guntu kamar ƙwayar gyaɗa a jiƙa a rabin kofin ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyayi na sama cokali-cokali. Da ta haɗu da tsamin yakuwa za ki ga kumfa ta taso, alamar tana aiki ke nan. Tana kashe tsami, tana sa ganye laushi da wuri, tana riƙe masa korensa. Idan ta yi yawa kuma miya ta yi ɗanɗanon sabulu, ganye ya dame, sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya lalace, wasu kuma ta ɓata musu ciki. Alayyahu ba ya buƙatarta ko kaɗan.

Lalo ma na ranar farko ne. A tsinke ganyen zalla ba reshe, a yanka ƙanana, a zuba a tafasasshen ruwa kaɗan, kofi ɗaya da rabi ga babban ɗauri, da cokali ɗaya na ruwan kanwa da daddawa. Bayan minti biyar zuwa bakwai a burge da maburgi har ya haɗe. Gishiri a ƙarshe. A Ghana, inda ake kiransa ayoyo, da jar miya a gefe ake cinsa da tuwo, kuma dabarar raba su nan tana da dalili da za mu gani a kan kuɓewa.

Kuɓewa ita ce manomi zai fi cika miki kwando da ita, saboda idan ta fara 'ya'ya sai an tsinke ta duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa a jikin uwarta. Don haka a ɗauri ɗaya za ki sami matasa da tsofaffi. Ki gwada kowace da ɗan yatsa: idan tsinin ya karye ƙas, ta miya ce. Idan ya lanƙwashe bai karye ba, ta yi zare, ko kin kwana kina dafawa ba za ta yi laushi ba, sai a ware ta. Ba a wanke ta sai lokacin yanka, kuma bayan an wanke a bar ta ta sha iska, don jiƙaƙƙiyar kuɓewa tana zille wa wuƙa, yauƙinta kuma ya ƙare a kan katako.

Ga mutum shida rabin kilo ya isa, wato kamar talatin masu tsawon ɗan yatsa, a kan romo lita ɗaya. Ki goga rabi a magogi ko ki kirɓa a turmi, rabin kuma ki yanka siriri. Gogaggiyar ita ke ba da yauƙi, yankakkiyar kuma ta ba baki abin taunawa. Romon ya riga ya haɗu tsaf da nama ko kifi banda, daddawa, barkono, da manja rabin ludayi, yana tafasa, sannan ki sa ruwan kanwa cokali ɗaya, ki zuba kuɓewa, ki buga da maburgi ko ludayi. Minti biyar zuwa bakwai, tukunya a buɗe, a sauke tana kore shar.

Abin da ke tsinka miyar kuɓewa ba ya wuce huɗu. Babbansu tsami: tumatir, yakuwa, tsamiya ko lemon tsami duk suna karya yauƙi, shi ya sa mai son jar miya take yin ta daban ta zuba a kai a kwano. Sai daɗewa a wuta, don yauƙin yana kai ƙololuwa ne a 'yan mintoci sannan ya fara saki, haka ma ɗumame sau biyu sau uku. Sai ruwa da ya fi ƙarfin kuɓewar. Sai mai da yawa. Rufe tukunya yana da nasa laifin: tururi ya koma ciki ya ƙara ruwa, launi ya dushe, miyar kuma ta yi bori ta kashe wuta. Ana yawan ɗora wa albasa laifi, amma wadda aka jajjaga ta dahu a romo tun farko ba ta hana komai.

Wanda ba ya son yauƙi sai ya juya waɗannan ƙa'idoji. A zaɓi ƙanana, a datse kai ba tare da an fasa cikin ba, a soya su busassu a mai mai zafi sosai, kaɗan-kaɗan kada su hau kan juna, minti biyar, a yayyafa gishiri da yaji da lemon tsami. Da shinkafa da wake tana tafiya ƙwarai.

Rama, zogale da tafasa hanyarsu ɗaya, kwaɗo, amma dahuwarsu ta bambanta. Rama minti goma zuwa goma sha biyar, a zubar da ruwan, a ɗauraye da ruwan sanyi don rage tsami. Zogale sai an zauna an tsince shi daga tsinkayensa, waɗanda ba sa dahuwa kuma suna maƙalewa a wuya, sannan ya sami rabin awa ko fiye, gwargwadon tsufan ganyen, har baurinsa ya tafi. Tafasa a ɗauki kan ganyen mai taushi kawai, a tafasa a zubar da ruwa sau biyu, don tsohon ganyenta yana da wari kuma yana sakin ciki. Dukkansu a matse su da hannu biyu, dunƙule-dunƙule, har ruwa ya daina ɗiga. Nan ne kwaɗo ke gyaruwa ko ya lalace. Ga kofi huɗu na matsattsen ganye, garin ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, man gyaɗa cokali uku ko huɗu, albasa ɗaya yankakkiya, barkono, gishiri, da tumatir ɗaya in an samu. A warware ganyen tukuna, a barbaɗa ƙuli a cakuɗa, mai ya zo daga baya. Idan ya bushe da yawa a yayyafa ruwan ɗumi cokali biyu.

A haɗa kwaɗo dab da ci. Da ƙuli da ɗanyar albasa suka haɗu da jiƙaƙƙen ganye, 'yan awoyi kaɗan ya fara tsami. Dafaffen ganye da ba a haɗa ba kuwa zai kwana biyu a firji, don haka ko ba a shirya cin kwaɗo ba a dafa ganyen a ajiye. Ƙulin ma a sansana shi: a damina yana jan laima, wanda ya yi fumfuna ko warin tsufa a zubar, dafi ne da wuta ba ta kashewa. Zogalen da ya rage a zuba a dambu, ɗanye, tsakanin turarawa ta farko da ta biyu.

Gauta ɗacinta ne amfaninta, kuma mazauninta fate. Faten tsaki ma tukunya ce mai share ragowar kwando a tsakiyar mako. Tsakin masara gwangwani biyu yana ɗaukar ruwa gwangwani tara zuwa goma. A wanke tsakin a tsiyaye dusar da ta taso, a rege shi saboda tsakuwa. A soya kayan miya, a tsaida ruwa, a jefa gauta shida da aka raba huɗu tun ruwa bai tafasa ba don ta narke. Tsaki ya shiga a hankali ana juyawa, ya dahu minti ashirin zuwa ashirin da biyar, sai dakakkiyar gyaɗa rabin gwangwani, sai yakuwa, sai duk ganyen da ya rage. A sauke shi da ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri yana hucewa, wanda aka sauke da kauri kafin a gama rabawa ya zama tuwo. Idan yara ba sa jure ɗaci, a jiƙa yankakkiyar gautar a ruwan gishiri minti goma kafin ta shiga.

Yalo mai sheƙi da tauri a ci shi ɗanye da ƙuli ko yaji. Wanda ya fara yaushi ko ya soma ja a tafasa shi minti goma sha biyar, a sulluɓe fatar, a murƙushe, a soya da manja da albasa mai yawa da kifi, a ci da dafaffiyar doya. Gurji da duk abin da za a ci ɗanye a wanke da tsaftataccen ruwa a fere, don damina lokacin amai da gudawa ne, taki kuma yana fantsama daga ƙasa. Masara a dafa ko a gasa ranar da aka karyo ta, zaƙinta yana komawa gari cikin kwana ɗaya. A bar mata ɓawo ɗaya ko biyu a jiki, ta sami rabin awa zuwa minti arba'in, gishiri sai ta kusa sauka.

Kabewa a ajiye ta da guntun reshenta, a kan katako ko buhu ba a ƙasa mai sanyi ba, a fara da wadda ta ƙuje ko reshen ya cire. Da an fasa ta kwana biyu ko uku gare ta, kuma a kwashe 'ya'yan da zaren cikin nan take, don daga nan take fara lalacewa.

Rarar kuɓewa ce ke sa mutane shanya a lokacin da bai dace ba. A tsakiyar marka, idan rana ba ta fito kwana biyu a jere ba, yankakkiyar kuɓewa baƙi take yi ta yi fumfuna kafin ta bushe. Idan dole ne, a yanka ta siriri ƙwarai da sassafe, a baza shimfiɗa ɗaya a tire ko kwanon rufi mai tsafta sama da ƙasa, a kwashe kafin la'asar ta yi sanyi, dare kuma ta kwana kusa da murhun gawayi da aka gama girki a kai. Ta bushe idan ta karye a hannu maimakon ta lanƙwashe. Ganye irin zogale da yakuwa a inuwa ake shanya su, rana tana cinye korensu, kuma inuwar Agusta ba ta busar da komai. Gara a roƙi manomi ya rage yawan ganye a kwando yanzu, babbar shanya a bari sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba idan ruwa ya ɗauke.